Katin Bashi: Ki Bari Su Cira, Amma Kada Ki Ɗauke Ido

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto mini daga arewacin Ingila, inda take aikin jinya shekara biyu ke nan. Bayan sallama da gaisuwa ta ce: "Malam, na karɓi katin bashi ne saboda an ce mini wanda ba shi da tarihin biyan bashi a ƙasar nan yana shan wuya ranar da zai nemi mota ko gida. To ga shi sun ce in zaɓa, ko in ba su izini su riƙa cirar kuɗinsu daga asusuna kowane wata, ko ni in riƙa tura musu da hannuna. Ni dai hankalina bai kwanta da a ce wani yana da ikon sa hannu a asusuna ba. Amma kuma watan jiya saura kwana ɗaya wa'adi ya cika na tuna, ina tsakiyar aikin dare. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ba zan ja miki rai ba. Ki ba su izinin, ki ɗaura shi a kan biyan dukkan abin da takardar lissafin wata ta nuna, sannan ki ci gaba da buɗe takardar kina karantawa kamar ke ce za ki biya da hannu. Akwai mutanen da wannan shawara ba ta dace da su ba, zan zo kansu.

Na san inda tsoronki ya samo asali. Duk wanda ya taɓa riƙe asusu a gida ya san faɗuwar gaban da ke biyo bayan alat ɗin cirar da ba a gane kanta ba, da zaryar da ake yi zuwa banki a kan kuɗin da sai an yi makonni kafin su dawo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai tsarin na Birtaniya, wanda suke kira Direct Debit, yana tafe da lamuni rubutacce da ya hau kan duk bankin da ke cikinsa. Dole a sanar da ke nawa za a cira da ranar da za a cira tun kafin a taɓa kuɗin, kuma ga katin bashi takardar watan ita ce sanarwar. Idan aka yi kuskure, aka ciri fiye da abin da aka faɗa ko aka cira ba a ranar da aka ce ba, bankinki ne zai mayar miki da kuɗinki nan take, cikakku, ba sai kin bi kamfanin katin kina roƙo ba. Kina kuma iya soke izinin duk sa'ad da kika ga dama, ko ta manhajar bankin. Abin da lamunin ba ya yi shi ne yafe bashi. In kin soke izini, abin da ake binki yana nan, wa'adinsa kuma bai motsa ba.

Ni ma da hannu na riƙa biya shekara da shekaru, don ina ganin wanda ya san zafin nema ba ya sakar wa na'ura ragamar kuɗinsa. Rasuwar mahaifinmu ce ta canza mini ra'ayi. Da asuba aka bugo mini waya, kafin la'asar na sayi tikitin jirgi da katin, washegari ina Kano. Wanda ya taɓa zaman makoki ya san yadda kwanaki ke narkewa: masu gaisuwa na shiga suna fita, ba ka bambance Litinin da Alhamis. Sai bayan sadakar bakwai, cikin dare, mutane sun watse ina zaune ni kaɗai a kan tabarma a zaure, na tuna da katin. Na buɗe manhajar banki, ta ce ta tura lambar sirri zuwa layina na Ingila. Layin kuwa yana cikin tsohuwar wayata, a kan teburi a Landan. Na yi ta gwadawa har suka rufe shigar gaba ɗaya. Ban koma ba sai bayan arba'in. Na tarar da tarar jinkiri sau biyu, da kuɗin ruwa a kan tikitin tun daga ranar da na saye shi, da tabon tsallake biya a kundin tarihina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin suna nan kwance a asusuna duk tsawon kwanakin nan. Da na ba da izinin cira, da an biya ban ma sani ba.

Tarar ita ce ƙaramar asara. Galibin katunan Birtaniya fam 12 suke ci a kan jinkiri, adadin da ya zauna tun 2006, lokacin da hukumar kula da adalcin ciniki ta wancan zamani ta ce duk tarar da ta haura haka za ta ɗauke ta a matsayin wadda ba ta dace ba. Babbar asarar tana cikin kundin da kamfanonin Experian da Equifax da TransUnion ke ajiyewa. Watan da aka tsallake yana zama a can shekara 6, kuma duk mai ba da bashin da kika tunkara zai gan shi. In kuma katinki irin wanda aka yi miki rangwamen watanni babu kuɗin ruwa ne, jinkiri ɗaya yana iya sa su janye rangwamen. Ke da kika karɓi katin don ki gina suna, bai kamata sunan ya rataya a kan ko kin tuna ko ba ki tuna ba bayan awa 12 kina tsaye a kan marasa lafiya.

To amma ba da izinin kaɗai ba ya wadatarwa, sai an san a kan me aka ba da shi. Za su shimfiɗa miki zaɓi uku: a ciri duka, a ciri wani adadi da kika yanka da kanki, ko a ciri mafi ƙarancin abin da suka yarda a biya. A na ukun nan mutane ke faɗawa rami, don shi ya fi sauƙi a ido, kuma mai shi yana kwana da tunanin yana biyan bashinsa tunda babu wanda ya taɓa bugo masa waya.

Bari in lissafa miki. Ga katunan da aka buɗe daga Afrilun 2011, ƙa'ida ita ce mafi ƙarancin biya ya ɗauke kuɗin ruwan watan da tara in akwai, da aƙalla kashi 1 cikin 100 na uwar kuɗin. Mu ɗauka ana binki fam 2,000, kuɗin ruwa kuma kashi 2 cikin 100 a wata. Watan farko za a ciri fam 60. Fam 40 ruwa ne, fam 20 kacal ya taɓa jikin bashin. Bayan shekara guda kin biya kusan fam 680, bashin kuwa bai sauko ƙasa da fam 1,770 ba. Da yake abin da ake cira yana raguwa tare da bashin, sai kin yi kusan shekara 6 kafin ki raba shi biyu, ko da ba ki ƙara sayen tsinke da katin ba. Yanzu dubi wannan: da fam 60 ɗin nan na watan farko kika tsayar, kika ce kowane wata shi za a cira babu ragi, da bashin ya mutu murus kafin shekara 5. Da fam 150 kika yanka, wata 16 ya ishe ki. Shi ya sa nake ce wa duk wanda bashi ya riga ya taru a kansa, ba ya iya biyan duka, ya yanka adadi tsayayye mafi girman da zai iya jurewa, ya daina saye da katin har sai ya gama. Matsalar ta kai girman da hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta kafa mata doka a 2018. Wanda ya yi wata 18 abin da yake biya na ruwa da tara ya fi abin da yake ragewa daga uwar kuɗi, dole kamfani ya rubuto masa. A wata 27 a sake tuna masa, a wata 36 a fito masa da hanyar gama biya, kuma ana iya dakatar da katin nasa.

Shi kuwa mai biyan duka, katuna da yawa suna ba shi har kwana 56 tsakanin saye da biya ba tare da ruwa ba. Sai dai ki lura da ma'anar "duka". Ana nufin adadin da aka rubuta a takardar watan, ranar da aka rufe lissafi. In manhaja ta nuna miki wani adadi da ya fi shi, sayayyar da kika yi bayan rufewar ce ta hau, ita kuma sai wata mai zuwa. Kuma duka ɗin duka ne. A yawancin katuna, in kin biya kika bar fam ɗaya, ruwan da za a lissafa miki ba na fam ɗayan nan ba ne kaɗai, yana komawa kan sayayyar watan tun daga ranar da aka yi ta. Mai turawa da hannu yana iya yin wannan kuskuren da lamba ɗaya. Izinin cirar duka ba ya yin sa.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma na san yana ranki, don yana ran kowane Musulmin da ya riƙe katin nan. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi hulɗa da katin da aka gindaya wa sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mai shi ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi. Wasu malaman sun sassauta wa mai buƙata, musamman mazauna waɗannan ƙasashe, bisa sharaɗin ya tabbatar ba zai taɓa kai wa ga biyan ruwa ba. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, ki kai maganar gaban malamin da kika amince da iliminsa da tsoron Allahnsa. Abin da zan iya faɗa miki a matsayina na wanda ya san yadda na'urar ke aiki shi ne wannan: in da sassaucin kika yi riƙo, sharaɗinsa yana wuyanki, kuma niyya kaɗai ba ta cika shi. Ni ma da niyyar biya na hau jirgin Kano. Izinin cirar duka shi ne abin da ya fi kusa da tabbaci. Wanda kuwa ya ɗaura izininsa a kan mafi ƙarancin biya ya tsaya nan, ya shirya wa kansa biyan riba kowane wata ke nan ba tare da ya ɗaga yatsa ba. In kuma zuciyarki ta fi natsuwa da fatawar farko, ki biya abin da ake binki ki rufe katin, ba ki rasa komai ba. Kwantiragin waya da ake biya a kan kari yana shiga kundin nan, haka sa suna a rajistar masu zaɓe yana ƙarfafa shi, kuma 'yan ƙasashe renon Ingila masu izinin zama, irin su Najeriya da Ghana da Kamaru, suna da damar yin rajistar.

Yanzu ga wuraren da izinin cira ke cizon mai shi, don ba na so ki ce ban faɗa miki ba.

Mafi yawan lokaci matsalar rana ce. In suka zo cira suka tarar asusu babu komai, kuɗin ba zai fita ba, sai ki tashi da tara kamar wadda ta manta. In kuma asusunki yana da damar ci fiye da abin da ke ciki, bankin zai biya ya ɗora miki nasa ruwan, wanda a bankuna da dama ya kai kusan kashi 40 cikin 100 a shekara, an gudu daga ruwa an faɗa kogi. Maganin mai sauƙi ne, amma mutane kaɗan ke yin sa: ki kira kamfanin katin ki ce su matsar miki da ranar biya zuwa kwana biyu ko uku bayan shigar albashinki. Galibinsu suna yarda. In kuma wata rana kika farka da saƙon cewa kuɗin bai isa ba, kada ki bari sai kin tashi daga aiki, manyan bankuna sukan ba da dama zuwa ƙarfe 2 na ranar nan a cike giɓin su sake gwadawa.

Watan farko ma yana da tarko. Izinin yakan ɗauki lokaci kafin ya fara aiki, don haka ki biya wancan watan da hannu, har sai kin ga an rubuta a takarda cewa za a ciri kaza ranar kaza. Haka nan ki tambaye su me ke faruwa in kin tura wani abu da hannu a tsakiyar wata. Wasu kamfanonin suna rage shi daga abin da za su cira, wasu kuwa suna cirar nasu cif kamar ba ki tura komai ba. Gara ki sani kafin ranar da kuɗin haya ke jira.

Wanda ya fi shafar mu 'yan ci-rani shi ne aika kuɗi gida. An bugo an ce Inna ba ta da lafiya, ko ƙani zai biya kuɗin makaranta, albashi saura mako, katin yana aljihu. Ki sani cewa kamfanoni da yawa suna ɗaukar tura kuɗi ta manhajojin aike kamar cirar tsabar kuɗi daga na'ura. Ita kuwa cirar tsaba ba ta da kwanakin rangwame, ruwa yana fara hawa tun daga ranar, ga kuma ladan cira, sau da yawa kusan kashi 3 cikin 100. Ko kin ɗaura izininki a kan duka, wannan ruwan sai kin biya shi. Kuɗin gida ya fita daga asusun albashi, kada ya bi ta katin bashi.

Sai kuma sakaci, wanda shi ne dalilin da ya sa na ce kada ki ɗauke ido. Mai biya da hannu dole ya buɗe takarda, in ya buɗe kuwa zai ga abin da ba nasa ba: rajistar gwaji ta wata manhaja da aka manta ba a soke ba, ko sayayyar da wani ɓarawo ya yi da lambar katin. Mai izinin cira yana iya yin wata shida ana biyan waɗannan daga guminsa bai sani ba. Lamunin da na ambata a sama bai rufe wannan ba, don shi kuskuren cira yake gyarawa. Abin da aka ɗora miki a kan kati ba da saninki ba, ke za ki gano shi ki kai ƙara wurin kamfanin. Saboda haka ranar da takarda ta fito ki ba ta minti biyar, ki bi layi-layi, ki kuma dubi jimlar ki tambayi kanki ko asusunki zai ɗauke ta. Ni abin da nake yi, duk ranar da na sayi abu mai nauyi da katin, a ranar nake ware daidai kuɗinsa in ajiye gefe, don kada in gan su a asusu in zaci nawa ne.

Su wa biya da hannu ya fi dacewa da su? Waɗanda kuɗinsu ba shi da ranar shiga: direban tasi, mai kai saƙo, ma'aikaciyar da ake kira aiki yau a ƙi kiranta gobe. Irin wannan in ya ɗaura izini a kan duka, wata rana za a zo a tarar babu. A nan ne kaɗai mafi ƙarancin biya ke da amfani. Ya ɗaura izinin a kansa ya zama shinge, don ko ya manta ko ya kwanta ciwo sunansa ba zai ɓaci ba, sannan ya riƙa tura sauran da hannu duk sa'ad da kuɗi ya shigo, har ya cike adadin takarda kafin wa'adi. Turawa ta banki a Birtaniya takan isa cikin awa biyu tun da aka kawo tsarin gaggawa a 2008, amma kamfanin katin yana iya kai wa ranar aiki ta gaba kafin ya rubuta ya karɓa. A bar tazarar kwana uku, musamman in akwai Asabar da Lahadi ko ranar hutu a tsakani.

Ga masu karatu a gida Najeriya, kada a ɗauki lamunin Birtaniya a zaci ya tsallako teku. Kafin ka sa hannu a takardar izinin cira, ko ta kati ko ta bashin albashi, ka karanta me za a yi maka in albashi ya makara, don mun san yana makara. Ka kuma tuna cewa tun Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar bin bashin da aka kasa biya ta duk asusun da ke rataye da lambar BVN ɗin mai shi, ko da a wani banki yake. Sauya banki ba ya ɓoye mutum.

In kuma akwai mai karanta wannan da ruwa ya riga ya kai masa wuya a can Ingila, kada kunya ta hana shi magana. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ya kira kamfanin kafin wa'adi ya faɗa musu halin da yake ciki, ya kuma nemi StepChange ko Citizens Advice, duka biyun kyauta suke ba da shawara.

Ƙanwata, yau in kin dawo daga aiki kin huta, ki buɗe manhajar katin ki ɗaura izinin a kan duka, ki matsar da ranar ta biyo bayan albashi, ki biya na wannan watan da hannunki. Kuma duk ranar da za ki tafi gida, ki tabbatar layinki na Ingila yana cikin jakarki. Allah Ya sa albarka a aikinki, Ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu.